Zuwa Ga Bawana Badamagare, Sarkin Dokar Fadar Marubuta

Bawana Badamagare,

Takardarka ta iso. Direban da ka ba wa saƙon ya ce tun daga tasha kake ja masa kunne: kada ya naɗe ta, kada ya ɗora goro a kanta, kada ya bari 'yan kwastan na Ɗan Barto su leƙa. Ban yi mamaki ba. Tun zamanin da kakanninka ke kai gaisuwa Kukawa kuke girmama takarda mai hatimi, ko da ba ku san abin da ke cikinta ba. Na buɗe, sai ga shafi huɗu cike maƙil, an rubuta a sama da jan biro wai ƙarin bayani ne kan ƙa'idojin fadarku ta marubuta. A ƙasa kuma ka roƙi ubangidanka Bakano ya duba ya sa albarka. Dubawa dai na duba. Albarkar ce za mu yi magana a kanta.

Bari in fara yi wa masu karatu bayani, don ba kowa ya san Damagaram ba, ko da yake ku kuna ganin daga Makka sai ita. A can, abin da ake kira fada ba lallai ne gidan sarki ba. Samari ne ke shimfiɗa tabarma ko su ajiye benci a bakin titi, a hura gawayi, a ɗora butar shayi, a yi ta hira har dare ya raba. Tun shekarun 1990 abin ya cika gari, daga Birni har Zango da Sabon Gari, kowace fada da sunanta a jikin bango, da shugabanta, da ma'ajinta. Wasu kati suke bugawa, wasu gardamar ƙwallo, wasu siyasa. To shi wannan bawan nawa sai ya tara malaman makaranta da ɗalibai da wani tela mai son waƙa, suka ce tasu fadar ta rubutu ce. Duk ranar Asabar a ba da jigo guda, wata Asabar kowa ya zo da gajeren labari ko waƙa a kan jigon, a karanta a gaban kowa. Gaskiya dabara ce mai kyau, har na yi ta bincike ko wani Bakano ne ya ba shi ita.

Da farko ƙa'idojin rabin shafi ne, na gan su. Ka zo a kan lokaci, ka rubuta da kanka, kada ka wuce shafi uku, kada ka zagi kowa. Ko yaro ya fahimta. Yanzu ga bayanin da aka yi don a sauƙaƙe su ya ninka su sau takwas, da sashe da ƙaramin sashe da "sai dai idan". An aike ka sayo gishirin miya, ka dawo da ayarin Bilma gaba ɗaya har da raƙuma. Da na bi takardar a hankali sai na lura kowane sabon sashe yana da mutum a bayansa. Wani ya yi abin da bai yi maka daɗi ba, maimakon ka ce masa "wane, ban ji daɗi ba", sai ka koma gida ka rubuta doka.

Mu ɗauki wanda ya fi ba ni dariya, sashen da ya ce dole kalmar jigo ta fito a cikin labari aƙalla sau uku. Na san inda aka haife shi, don labari ya riga takardar isowa Kano. An ba da jigo: Rijiya. Wata malamar firamare ta aiko da nata ta hannun ƙanenta. Labarin yarinya ce da uwarta ta tashe ta tun kafin kiran assalatu ta je layin famfo. Ta tarar jarkoki sun riga ta, jere har kwana, masu su suna gida suna barci, kowa ya ɗaura wa tasa tsumma ko igiya don ya gane ta. Ta ajiye nata biyu, ta zauna a kan ɗaya. 'Yan ga-ruwa suka zo da kurarsu suka shige gaba, ba wanda ya ce uffan, don da mai famfo suke. Rana ta fito, ta ji ƙararrawar makaranta, ta ga 'yan ajinsu suna wucewa da littattafai, ta juya baya don kada su gan ta. Da layi ya zo kanta, famfon ya yi tari sau biyu, ya busa iska, ya yi shiru. Nan labarin ya tsaya.

An ce da yaron ya gama karantawa har mai dafa shayi ya manta da butarsa ta ƙone. Kai kuwa sai ka gyara hula, ka ce labari ya yi daɗi amma ya fita daga jigo, domin ka duba daga farko har ƙarshe ba ka ga rijiya ba. Ka ba da na ɗaya ga wani da ya kawo labarin mugu da ya haƙa rijiya don ɗan kishiyar uwarsa ya faɗa, ya manta, ya faɗa da kansa. Rijiya a kowane sakin layi, ba shakka. Labarin da kakata ta gaji da ba mu tun muna cin ƙasa.

Haba Badamagare! A duk duniya kai ne za a yi wa bayanin abin da ya kai yarinya layin famfo da asuba? Garinku a kan dutse yake zaune, ku haƙa ku tarar da falalen dutse, shi ya sa ake jawo muku ruwa daga nesa. Faransawa sun mai da Damagaram hedikwata a 1911, a 1926 suka tattara takardunsu suka koma Yamai, kuma cikin dalilan da aka bayar har da ƙarancin ruwa. Tun 2011 kuna da matatar mai a arewa da gari, kuna tace fetur har kun sha sayar mana, amma baƙo ya nemi ruwan wanka sai an yi shawara a cikin gida. Duk wanda ya saurari labarin malamar nan a Damagaram ya san rijiyar da babu ita ce ta zaunar da yarinyar a kan jarka. Rashinta ya cika labarin tun daga layin farko. Ta amsa jigon fiye da kowa a wurin, kai kana can kana ƙirga kalma da yatsa.

In kuma rijiya kake so da sunanta, ai tarihinku yana da guda. A 1898 Kyaftin Kazamaju na Faransa ya sauka Damagaram, zamanin Sarki Ahmadu Kuren Daga, aka kashe shi da tafintansa, aka jefa su rijiya. Shekara ta zagayo, a 1899, Faransawa suka zo da ƙarfi, aka gwabza a Tirmini, suka shiga gari, suka sa wa barikinsu sunan mutumin nasu. Ga labari har labari: baƙo, da fada, da masu kai gulma, da rijiya a ƙarshe. Amma wanda ya so rubuta shi a fadarka ba dama, don wani sashen naka ya ce kada a ambaci sunan sarki ko basarake ko wani sananne, mai rai ko matacce. Ka ga dokokinka biyu sun kama juna da kokawa. Da André Salifou, ɗan garinku da aka sa wa jami'arku sunansa, zai zo da wasan kwaikwayonsa na Tanimu, sarkin da ya kewaye Birni da ganuwa ya ƙera igwa, da ka mayar masa da abinsa. Da Abdoulaye Mamani zai kawo labarin Sarauniya ta Lugu, wanda ya fito a 1980 har Med Hondo ya mai da shi fim, shi ma ƙofa za ka nuna masa.

Wannan dokar ma na san mafarinta. Wani ne ya rubuta labarin tela mai cin yadin mutane, ya siffanta shi har da wushiryarsa da inda ya ajiye kekensa, alhali telan yana zaune a wurin da kofin shayi a hannu. A nan kam ina bayanka. Maƙwabci mai rai da ba shi da bakin ramawa bai kamata a yi masa zambo da sunan adabi ba. Sai ka rubuta haka, layi ɗaya: kada a ci mutuncin wanda muke zaune da shi. Me ya kawo Tanimu, wanda ya bar duniya tun 1884, cikin rigimar tela?

Ka zauna in koya maka, tunda haƙƙin bawa ne a kan ubangidansa. Wannan abin da kuke yi, na a ba mutum bakin zare ya saƙa nasa, ba ku kuka fara ba. Malamanmu sun daɗe suna yi, suna kiransa tahamisi. Mutum zai ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu-biyu, ya zo kan kowane baiti ya ɗora nasa ɗango uku a sama, su zama biyar. Ɗango biyun ƙarshe na mai waƙa ne, ba ka taɓa ko wasali. Ukun da ka ƙara dole su hau karin waƙar daidai, dole amsa-amonsu ya bi na ɗangon farko na baitin da ka tarar. In ka kuskure, ko almajiri zai ji a kunnensa. Ishiriniyar da ake rerawa a Damagaram da Kano lokacin Mauludi haka take: asalinta na Alfazazi ne, mutumin Andalus, abin da muke ji a bakin masu bege kuwa har da tahamisin Ibn Mahib a kai. A Sakkwato ma haka aka yi da Tabbat Haƙiƙa: Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi.

To ka duba wannan ƙa'ida da kyau. Ta fi duk naka tsanani, ba ta da "sai dai idan". Amma iyakarta abin da kunne zai iya tantancewa: kari, amsa-amo, yawan ɗango. Abin da za ka faɗa a cikin ukun nan naka ne. Kana iya share wa baitin hanya, kana iya kawo misali, kana iya jefa tambayar da baitin mai waƙa zai zo ya zama amsarta. Gwanin tahamisi shi ne wanda zai ɗauke ka ya yi nisa da kai har ka ce ya ɓata, sai ga shi ya sauko daidai kan ɗangon mai waƙa, ka ji baitin da ka haddace tun kana yaro ya zama sabo. Matsin shi ke fito da gwaninta. Wanda aka ce masa "rubuta duk abin da ka ga dama" yakan kwana yana tauna biro, wanda aka ce masa "Rijiya, shafi uku, ranar Asabar" yakan zo da wani abu. Shi ya sa ban ce ka soke doka ba. Cewa na yi ka san inda za ka ɗaure da inda za ka saki. Kai kuwa ka saki ranar kawowa, don na ga ka rubuta cewa shugaba yana iya ɗaga ta in ya yi tafiya, ka je ka ɗaure tunanin mutane.

Ko yara da suke kacici-kacici a dandali sun fi ka tsari. Mai tambaya ya buɗe, a amsa masa, ya jefa tambayarsa. In an kasa, ba faɗa ba tara, sai ya ce a ba shi gari. A ba shi, in garin bai yi masa ba ya ƙi, a sake ba shi wani, ya karɓa, sannan ya faɗi amsa. Kowa ya san dokar, ba a taɓa rubuta ta ba, kuma ba a taɓa jin an yi mata ƙarin bayani ba. Mu a unguwarmu in an kasa, Damagaram muke fara bayarwa, don ba ta da zafin rabuwa. Mai tambaya yakan ce a ƙaro masa Matamai ko Magarya. Kano ce ba a bayarwa. Ka tambayi Kuren Daga, wanda ya taso da dakarunsa da bindigoginsa a ƙarshen shekarun 1890, zamanin Sarkin Kano Alu, aka yi ta ta ƙare a Gezawa, ya koma gida bai ga cikin kasuwar Kurmi ba. Na san amsarka, na ji ta sau ba adadi: wai da Turawan Ingila suka zo a 1903 ba su tarar da Alu a gari ba. Sakkwato ya je. Tafiya ce ta riske shi, irin wadda ke sa ka ɗaga ranar kawo labari.

Ga wani misali kuma. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarinta Sansani, mata ne ke shiga daga ko'ina, har da na Nijar. Ka je ka ga ƙa'idojinta. Mace ce za ta rubuta, labarin nata ne, ba a taɓa buga shi ba, kalmomi daga 1,000 zuwa 1,500, ga ranar rufewa. Duk abin da mutum biyu za su duba su yarda ne ba tare da gardama ba. Sauran, na daɗi da rashin daɗi, an bar wa alƙalai, su ma su yi ta musu a tsakaninsu. Gasar da ake sauraro a ƙasashe da yawa ke nan. Taku da ba ta wuce inuwar dalbejiya ɗaya ba ita ce mai shafi huɗu.

Sai sashen darasi. Wai kowane labari dole ya ƙare da darasi bayyananne, a rubuta shi a layin ƙarshe. Nan ma malamar famfo ce ta jawo, don an ce ka tambayi ƙanenta, "To mene ne darasin?" Yaro ya ce shi dai aiko shi aka yi. Badamagare, wannan ciwon tsoho ne. A 1933, da Rupert East na Hukumar Fassara ya zaga yana neman malamai su shiga gasar ƙaga labari, wahalar da ya sha ke nan: malamai suna ganin takarda ta wa'azi da ilimi ce, ƙagaggen labari kuwa aikin tsofaffin mata ne da dare. Da aka samu waɗanda suka yarda, me ya fito? Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Fiye da shekara casa'in ke nan, ka tambayi duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja abin da ya riƙe. Zai ce maka ƙetar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka yi ta yi wa juna daga gari zuwa gari. Da ƙyar ka samu mai tuna wani wa'azi. Da a fadarka aka kawo shi, da ka ce babu tarbiyya.

Kuma abin haushin, garinku ya san wannan tun kafin a haife ka. 'Yan wasan kwaikwayo na gidan rediyon Damagaram, da na Samariya zamanin Seyni Kountché, ai jigo ake ba su, wani lokaci ma daga hukuma: cin hanci, auren dole, almubazzaranci a biki. Ba sa zama su haddace takarda. Su yarda da ƙashin labari, kowa ya san matsayinsa, maganar kuma a bakinsa take fitowa. Darasi yana ciki, amma abin da ya sa mutane ke cika fili su tsaya har a tashi shi ne alhajin da ke kan dandamali ya yi kama da wani alhaji da suka sani, har yadda yake gyara babbar riga. Mai kallo ya ɗauki darasinsa da kansa ya tafi gida. Kai kana so a ɗura masa da ludayi.

Yanzu ga inda ka faranta mini rai ba da niyya ba. Ka rubuta cewa dole a yi rubutu da daidaitacciyar Hausa, ban da karin harshe, ban da kalmar Faransanci, wanda ya saɓa a rage masa maki. Ka san wace ce daidaitacciyar Hausa kuwa? Tawa ce. A kan Kananci aka gina ta. Abin da Kuren Daga ya ƙi yi da takobi a hannu, kai ka yi shi da jan biro: ka miƙa wuya ga Kano, ka sa hannu, ka buga hatimi, ka biya direba ya kawo mini. Zan sa a yi wa shafin nan firam.

Amma tunda ni ubangida ne mai adalci, ba zan karɓi abin da zai cuce ka ba. Ƙa'idar rubutu daban, bakin mutane daban. A raba kalma inda ake rabawa, a sa wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarsu, wannan a tsananta, don an sha zama a kansa, daga taron Bamako na 1966 har na Yamai na 1980, saboda abin da aka rubuta a Maraɗi a iya karanta shi a Zariya. Amma in yaro a cikin labari zai ce ya makara lakwal, mushe zai doke shi don ya manta kaye, ka bar shi ya faɗa haka. Haka yake faɗa a gida. In ka cusa masa maganar Faggen Kano a baki, ba ɗan Zango ba ne kuma, kuma duk wanda ke wurin zai ji ƙarya a kunnensa. Mu a nan littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano, na su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, abin da ya sa suka shiga ɗakunan mata har Damagaram shi ne mutanen ciki suna magana yadda ake yi a tsakar gida. Ku da kuke da naku bakin, da naku barkwancin, da Buzaye da Barebari da Fulani duk a kasuwa ɗaya, me zai sa ku zo ku ari namu? Mun gode, muna da isasshe.

Batun sata ba zan daɗe a kai ba, don ka kusa yin daidai. Ka ce kada a ɗauko labarin wani. To amma Imam da kansa, a Magana Jari Ce, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, ya sa musu rigar Hausa har ba ka gane baƙi ne. Mai tahamisi ma da waƙar wani yake aiki, sai dai yakan faɗi sunan mai ita. Aro da sanarwa halal ne, ɓoyewar ce sata. Game da masu sa na'ura ta rubuta musu kuwa, na ga ka cika rabin shafi da rantsuwar da za a riƙa yi. Ba ka bukatarta. Kuna da maganin da manyan gasa ba su da shi: mutum yana tsaye a gabanku yana karantawa. In ya gama, wani ya tambaye shi me ya sa uwar yarinyar ba ta je famfon da kanta ba. Wanda ya rubuta zai ba ka amsa har da sunan kishiyar da bai sa a labarin ba. Wanda aka rubuta wa zai ce shayi ya yi sanyi.

Tarar dala ashirin ga wanda ya makara, ban ce komai ba, sai dai na lura ma'ajin ƙanen matarka ne. Cewa shugaba shi ne alƙali, kuma yana da damar shiga gasa, kuma hukuncinsa ba a ɗaukaka ƙara, wannan ko a fadar Birni akwai waziri da alƙali da liman. Ku riƙa juya alƙalanci, wanda ya ba da jigon mako shi zai yi hukunci, shi kuma ba ya shiga. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin zama. Bayan isha'i, a bakin titi, cikin maza. Wadda ta fi ku iya rubutu sai ta hannun ƙane take aikowa, ba ta nan balle ta kare kanta lokacin da kake yanke mata hukunci. Shafi huɗu, babu layi ɗaya a kan wannan. Ku mai da zaman la'asar, a harabar wata makaranta, ka gani in ba su kore ku daga na ɗaya har na uku ba. Ko dai abin da ake gudu ke nan?

Na san za ka ce Bakano ne zai yi wa wani wa'azin yawan doka? Faɗi, ba zan hana ka ba. A Kano aka tara littattafan soyayya aka cinna musu wuta a bainar jama'a a 2007, a Kano hukumar tace fina-finai ta ce kowane marubuci sai ya zo ya yi rajista. An yi. Marubutan suka yi ta ja-in-ja da hukuma, wasu suka kai aikinsu wasu garuruwa, matan suka ci gaba da rubutu, masu karatu suka ci gaba da saye. Mu da muka ga abin da idonmu mu ne ke gaya maka. Namu ma gwamnati ce da 'yan sanda da kotu. Kai da ba ka da ko dogari ɗaya, ranar da suka gaji sai su ɗauki butarsu su koma gindin wata bishiyar, su bar ka da ƙanen matarka kuna cin juna tara.

Saboda haka albarka tana nan a ajiye, sai ka mayar wa malamar nan da na ɗayanta, ka koma rabin shafinka na da. Kafin nan, tunda a sashe na tara ka ba baƙo damar ba da jigo sau ɗaya, ga nawa na Asabar mai zuwa: Gezawa. Shafi uku, kuma bisa dokarka dole kalmar ta fito sau uku, a ƙare da darasi bayyananne a layin ƙarshe, cikin daidaitacciyar Hausa. Naka nake so a fara karantawa, da ƙarfi, yadda na bayan benci za su ji. In ka kasa, ka san ƙa'ida, sai ka ba ni gari. Kada ka ba ni Damagaram, ina da ita tun ina yaro.

Ubangidanka,
Bakano